Mai Farar Hula ta Bangon Gurda

Sabha, unguwar Gurda
9 ga Nuwamba, 2003

Zuwa ga ɗiyata Rakiatou, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yacouba da amaryata Nafi. Ki ce mata kakanta, angon nata, yana nan bai sake aure ba, kada ta saurari kowa.

Ni dai alhamdu lillahi. Tarin yana lafawa da rana. Likitan asibiti ya ce in bar azumi bana, na ce masa to, ina yin abin da na iya. Ƙafafu ne dai suka fara yi mini gardama.

Saƙon da kika aiko da baki ta wurin Hamed direba ya iso, cewa in tattara in komo gida. Rakiatou, ba ƙi nake ba. Wanki Salissou ya kawo ni garin nan neman magani, ya ajiye ni a ɗakin bayan gidan Haj Abdallah, ya ce zai je Tarabulus ya dawo kafin wata ya ƙare. An shiga shekara ta uku ke nan. Ba shi da wata ƙofa da ya sani a ƙasar nan sai wannan. In ya zo ya buga aka ce masa tsohon ya tafi, me na yi ke nan? Rediyon mutanen ƙasar kullum cewa take Afirka gida ɗaya ce, sun kafa taswirarta a kowace mararraba. To a cikin gida ɗaya mutum ba ya ɓata, sai dai ya daɗe.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai ɗan fili bayan ɗakina, da bangon ƙasa, da famfo mai ɗiga, da dabino guda wanda ba ya haihuwa. Na sa tsohon faranti ƙarƙashin famfon don kada ruwa ya ci gindin bango. Ashe gayya na aika ban sani ba. Kurciyoyi suka fara zuwa, sai ƙananan tsuntsayen nan masu surutu irin na bakin rumbu. Wata rana har alhudahuda ya sauka, ya buɗe zankonsa ya dube ni kamar sufeto ya zo duba aji.

Amma akwai wata da ban taɓa gani a ƙasarmu ba. Ba ta kai kurciya girma ba. Baƙa ce ƙirin kamar an tsoma ta a tawada, sai kanta fari fat kamar ta sa hula, da wani farin a gindin wutsiya wanda ba a gani sai ta tashi. Buzaye suna ce mata mula-mula. Ni Mai Farar Hula nake ce mata. Ba ta shiga cikin sauran. Sai sun sha sun watse take sauka a kan bango, ta ɗaga wutsiya, ta yi ɗan kuka siriri, ta jira ta ga ko zan motsa. Na shekara talatin a lakwal, wato makarantar boko, ana ce mini Mushe, ina koya wa yara zama shiru, yau ga tsuntsuwa tana koya mini.

Kyamarar da wanki yake ɗaukar 'yan ci-rani da ita, suna jingine da motocin mutane don a aika gida, tana nan cikin jakarsa. Na saya mata fim, wani mai shago ya nuna mini inda ake dannawa. Ga hotuna huɗu na sa miki a ciki. Ki nuna wa Nafi.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinki, Mushe Kalla

*

Damagaram
4 ga Janairu, 2004

Baba,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Mu duka lafiya lau, sai sanyi. Yacouba yana gaishe ka. Nafi ta ce a gaya wa angonta ta gaji da jira, mai sayar da alewa na bakin layi ya fara yi mata magana.

Takardarka ta daɗe a hanya, motar ta lalace a Dirkou. Baba, hotunan nan mun duba su ni da Yacouba, mun fito da su bakin ƙofa wurin haske, mun juya su sama da ƙasa. Na ga bango. Na ga famfo da faranti. Na ga butarka da takalminka ƙafa ɗaya. A na uku akwai wani baƙin abu a gefe, Yacouba ya ce tsuntsu ne, Nafi ta ce yatsan Kaka ne. Muka yi dariya. Daga baya na shiga ɗaki na yi kuka, don a na huɗu inuwarka ta fito a ƙasa, kuma Baba wannan ba inuwar mai cin abinci ba ce.

Ka tabbata idonka lafiya? Inna Asmaou maƙwabciyarmu ta ce haka mijinta ya fara, yana korar kaji a ɗakin da babu kaza.

Maganar Yaya Salissou, ka gafarce ni in faɗa. Cikin waɗanda suka tafi Tarabulus tare da shi an koro biyu, sun iso gida. Na je har gidajensu. Ɗaya ya ce ganinsa na ƙarshe da shi a bakin teku ne, ana cinikin jirgin ruwa. Ɗayan ya sunkuyar da kai, bai ce kome ba har na tashi. In yana raye ya san hanyar Damagaram, a nan aka binne cibiyarsa. Me zai hana ka jira shi a nan, inda za a dama maka kunu, a wanke maka riga?

Na share ɗakin da ke kusa da nawa, na sa sabuwar tabarma. Ka ce to kawai, sauran aikin namu ne.

Ɗiyarka, Rakiatou

*

Sabha
12 ga Fabrairu, 2004

Ɗiyata Rakiatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da Sallar Layya, Allah ya maimaita mana. Haj Abdallah ya aiko mini da nama, na ci kaɗan, haƙora ba su bari. Sanyin garin nan yana shiga ƙashi, amma tarin bai ƙaru ba.

Ki gaya wa Asmaou idona lafiya yake, har ya ga inda kika manta aya a takardarki. Ba kaji nake gani ba. Tsuntsuwar tana nan, laifin hannuna ne. In hannuna babu kome takan matso har kusa da tabarma. Da na ɗaga kyamara sai ta tashi, kafin yatsana ya daina rawa ya danna sai bango ya rage. Abin da ya zo muku ke nan.

Yanzu na sake dabara. Na rataye tsohon bargo a igiyar shanya, na huda shi daidai ido, ina zama bayansa tun rana ba ta hau bango ba. Na lura ba ta cin gero, tururuwa take so. Sai in marmasa dabino a gindin bango, tururuwa su taru, ita kuma ta zo musu. Kin ga ke nan ni nake ciyar da ita amma ta hannun wakilai. Ƙafata takan mutu a zaune, tari ya taso in haɗiye shi har hawaye su zubo, don kada ta ji. Ta wannan hudar na ga abin da ban gani ba a shekara saba'in da wani abu. Na ga yadda take karkata kai kafin ta sara. Na ga tana wanka, tana tsoma ƙirji ta girgiza, sannan ta hau bango ta gyara gashinta ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin zuwa suna.

Shekaranjiya Haj Abdallah ya same ni bayan bargo. Ya yi dariya har ya riƙe bango. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Ya Haj Kalla, kai ɓoye don tsuntsu? Wannan mu ce shi bu bashir, mai kawo albishir. Shi zauna bango naka, labari yana zuwa."

Na ce, "Haj, ni na yi lakwal. Tururuwa take nema, ba ta san kowa ba."

Ya ce, "To lakwal naka ya kawo labari?"

Na ce ya matsa yana tare mini haske.

Abin da kika rubuta na bakin teku na karanta sau ɗaya na ninke. Wanda ya sunkuyar da kai bai ce ya ga kome ba. Kada ki sake zuwa gidajen mutane kina tono.

Na gode da ɗakin da kika share. Amma ki ji ni da kyau: muddin tana sauka a bangon nan da safe, ni ma ina nan. Akwai ranar da iska ta tashi ba ta zo ba, ranar ko shayi ban iya sha ba. Ba ni da wanda nake ce wa ina kwana da Hausa sai ita.

Mahaifinki, Mushe Kalla

*

Sabha
24 ga Maris, 2004

Rakiatou,

Assalamu alaikum. Ban ga amsarki ba, ina fata lafiya, kuma ba fushi kika yi da tsoho ba. Ni jiki ya yi dama-dama, zafi ya fara shigowa, ƙafafu sun saki. Na samu wani direba mai tafiya Agadas gobe, shi ya sa nake sauri.

Albishirinki. Mai Farar Hula ta yi miji. Shi ma hular gare shi, amma ya fi ta baki da rawar kai, yana hawa kan dabino yana waƙa kamar an biya shi.

Kwanakin baya na ga tana ɗaukar tsakuwa a baki. Na ce yau kam Asmaou ta yi gaskiya, idona ya tafi. Ashe gaskiya ne. Akwai wani rami a bango, daidai kafaɗata, inda tubali ya faɗi. Can take kai su, 'yan fala-falan duwatsu, wasu ma ban san yadda wuyanta yake ɗauka ba. Ta jera su a bakin ramin har ta tayar da ɗan shinge, ta bar ƙofa iyakar jikinta. Na tattaro tsakuwa daga titi na zuba mata kusa don in rage mata wahala. Ta duba tawa, ta zaɓi biyu, ta bar mini sauran. Ko a lakwal ba a taɓa mayar mini da aiki haka ba.

Jiya da ta fita shan ruwa na leƙa. Rakiatou, ƙwai ne, masu ɗan shuɗi-shuɗi kamar an wanke su da bula. Na koma bayan bargo na zauna, gabana yana faɗuwa kamar ranar da aka haife ki.

Yanzu na daina ɗaga kyamara, kada ta tsorata ta bar su. Kyanwar maƙwabta ce damuwata, tana zagaye, amma shingen ya hana hannunta shiga. Na ajiye sanda kusa. In 'ya'yan sun fito sun yi gashi, su ba su san tsoro ba tukuna, zan samu hoton da Nafi ba za ta ce yatsa ba ne.

Ki rubuto.
Mahaifinki, Mushe Kalla

*

Damagaram
29 ga Maris, 2004

Baba,

Gaisuwa da ladabi. Muna lafiya. Ka yafe mini shirun da na yi, takardarka ta Fabrairu ce ta tsaya mini a rai, na rasa abin da zan ce. Na karanta ta ya fi a ƙirga. Ka ce muddin tsuntsuwar nan tana bangon kana nan, kuma ba ka da wanda kake gaisarwa sai ita. Na daina cewa idonka ne. Na yarda tana nan, na yarda kana son ta.

To Baba, in ita ce ta riƙe ka, ai sai ku taho tare. Yacouba ya zauna ya saƙa mata keji da kara da waya, mai kyau, da ɗan ƙoƙon ruwa a ciki. Nafi ta ɗaura masa jan zare. Na ba Hamed, motarsa za ta tashi yau. Ya ce shi tun yana yaro a Abzin ya san mula-mula, kama ta ba wuya. Na roƙe shi kada ya bari ka wahala da ƙafafun nan, ya yi aikin da kansa, kai dai a miƙa maka. Ya ce zai ba ka wurin zama a gaba kusa da shi.

A nan akwai tururuwa, wallahi har sun yi mana yawa. Za a rataye ta bakin ɗakinka, ka yi mata ina kwana, mu ma ka yi mana. Hoto kuwa sai ka gaji da ɗauka.

Ka ga yanzu ba sauran hujja.

Ɗiyarka, Rakiatou

*

Damagaram
10 ga Afrilu, 2004

Baba,

Ina gaishe ka. Yau da hantsi aka kawo takardarka mai maganar ƙwai. Ko mayafi ban ɗauka daidai ba na tafi tasha, aka ce motar Hamed ta daɗe da wuce Agadas. Na je gidan waya, an gwada lambar shagon Haj Abdallah har mai wayar ya gaji, ba ta shiga.

Baba, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. In wannan ta riga shi, ka ce masa na janye, ya jefar da kejin. In shi ya riga ta, ban san abin da zan ce maka ba.

Ka zauna har su tashi. Ka zauna yadda kake so, ba zan ƙara matsa maka ba.

Rakiatou

*

Sabha
16 ga Afrilu, 2004

Ɗiyata Rakiatou,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Yacouba da Nafi. Ni ina nan yadda Allah ya so.

Hamed ya iso ranar Litinin. Takardarki mai maganar keji ita ce ta ƙarshe da na samu daga gare ki, kuma sai bayan an gama kome ya ba ni ita. Daga kwanan watan na gane tawa ba ta riske ki ba lokacin da kika rubuta. Sun yi saɓani a hanya.

Ranar ina asibiti karɓar magani. 'Ya'yan sun ƙyanƙyashe, ko gashi ba su yi ba, uwar tana kwance a kansu. Hamed ya tarar da ƙofa a buɗe, ya ga inda namijin yake kai abinci, ya toshe ramin da rawaninsa, ya zura hannu. Hannun direba ne, bai shiga ba sai da ya ture shingen.

Na dawo na same shi a tsakar fili yana dariya, ya ɗaga kejin sama. Ya ce, "Baba, albishir! Tsuntsu naka ya shiga. Kawo kyamara, ɗauki hoto yanzu, shi ba gudu."

Tana ta dukan wayar kejin da kai. Farar hular ta zama ja. Na nuna masa da hannu ya ajiye. Na buɗe ƙofar kejin, ba ta fito ba. Na sa hannu na ɗauko ta. Duk watannin nan ban taɓa taɓa ta ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan, Rakiatou, sai zafi da bugun zuciya. Fiffike ɗaya ya karye. Na ɗiga mata ruwa da yatsa, ba ta sha ba. Kafin la'asar ta mutu a cikin hulata.

Da Hamed ya ji kukan 'ya'yan a bango sai ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Wallahi Baba ni ban sani akwai yara ba. Kai doke ni." Ƙaton mutum, ya rufe fuska da rawani. Na ce ya tashi, aike aka yi masa, kuma wadda ta aiko shi alheri ta nufa.

Mun mayar da tsakuwar ni da shi, amma ba ta tsaya yadda ta jera ba, muna sawa tana zubewa. Namijin ya ci gaba da kai musu abinci. Na zauna da sanda har ƙafata ta kumbura. Ranar Laraba na shiga yin alwala na fito, na tarar da kyanwa a kan bango tana lasar hannu. Namijin ya yi ta kira a kan dabino yinin nan. Jiya bai zo ba. Yau ma bai zo ba. Kurciyoyi dai suna zuwa.

Kada ki ɗora wa kanki. Ni na rubuta miki maganar da kika bi, kuma ban rubuta ta duka ba. Na ce wa Haj Abdallah na yi lakwal, amma duk safiyar da ta sauka a bangon nan sai in ce a raina, to, ba yau ba ne amma labarin wanki yana tafe. Da abin da nake tashi ke nan. Yau na farka na saurara, na ji bangon shiru, sai na ɗauko takardarki ta Janairu na buɗe inda na ninke. Na karanta ta har ƙarshe. Mutum ba ya sunkuyar da kai a kan mai rai.

Hamed ya wuce arewa ɗaukar kaya, in ya juyo zai ɗauke ni. Ki gode wa Yacouba, saƙar ta yi kyau, ki ce wa Nafi ta kori mai alewa. Na ba wani direba wannan takarda don ta riga ni, saboda akwai abin da nake so ki yi.

Ki je wurin limamin unguwarmu. A tara mutane, a yi abin sadaka, a yi wa wanki addu'a irin wadda ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Ki kira waɗancan biyun da suka dawo, su ma su zauna. Ku yi ku gama kafin in iso. Ba zan iya zama a tabarma ana miƙo mini hannu ba.

Mahaifinki, Kalla